Naman Kaza Mai Tawada: Ki Gane Shi, Amma Kada Ya Shiga Tukunyarki

Wannan shafi naki ne, ke mai juna biyu, da kai maigida, da ku iyaye da surukai da ke ɗawainiya da ita har Allah Ya sauke ta lafiya.

Da zarar damina ta kankama, akwai wani tsiro da ke fitowa dare ɗaya a kan juji, da bayan turken dabbobi, da gindin ruɓaɓɓen kututture, da cikin daji inda ganye ya taru ya ruɓe. Wasu na ce masa naman kaza, wasu kuma laimar kwaɗi. A gidaje da dama na ƙasar Hausa ba a saba cinsa ba, amma a kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da kudancin Nijeriya abin miya ne sananne. Yanzu kuma ga wayar hannu cike da hotunan Turawa suna yawo cikin dazuzzukansu da kwando, suna tsinka suna soyawa, suna cewa wannan iri ko yaro ba zai ɓata wajen gane shi ba. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi yi wa wannan yabo shi ne wanda za mu kira naman kaza mai tawada.

Ra'ayinmu shi ne: yana da kyau ki san kamanninsa, domin ki kare yaranki, kuma ki iya yi wa likita bayani idan tsautsayi ya gifta. Amma muddin kina da ciki ko kina shayarwa, kada naman kazan da aka tsinko a daji ya shiga tukunyarki, ko da wanda ya fi kowanne sauƙin ganewa ne. Ga dalilanmu.

Mene ne mai tawada?

Naman kaza ba shi da fure, ba shi da 'ya'ya. Yana yaɗuwa ne ta wata ƙura mai laushi wadda ita ce irinsa. Idan kika juya hularsa, za ki ga waɗansu siraran shafuka a jere kamar shafukan littafi, daga tsakiya zuwa baki. A jikinsu ƙurar take nuna, iska ta kwashe ta.

Shi mai tawada shafukansa a matse suke ƙwarai, har iska ba ta samun hanyar shiga tsakaninsu. Saboda haka Allah Ya yi masa wata dabara. Ƙurar da ke bakin hula ita ke fara nuna, tana zuba sai wurin ya narke ya zama baƙin ruwa, hular ta naɗe sama, shafukan da ke gaba su samu sarari. Haka zai yi ta cin kansa daga ƙasa zuwa sama, har ya rage daga kara sai ɗan baƙin faifai yana ɗiga. Cikin kwana ɗaya ko biyu an gama. Idan kuwa an tsinke shi, sa'o'i kaɗan sun isa ya fara narkewa.

Wannan baƙin ruwa tawada ce ta gaske, an taɓa yin rubutu da ita a Turai. Wani masani Bafaranshe mai suna Pierre Bulliard, da ya yi bayanin ɗaya daga cikinsu a shekarar 1786, ya sa masa suna daga kalmar tawada ta harshen Latin. Sunan dangin kuma, wato Coprinus, ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai nufin kashi, domin da yawansu a kan kashin dabbobi suke fitowa. Iri-irinsu sun haura 100, kuma a shekarar 2001 masana suka raba su gida huɗu, bayan binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa narkewar ce kawai ta haɗa su, ba duka ne 'yan gida ɗaya ba.

Biyu da suka fi shahara

Na farko shi ne mai gashi, Coprinus comatus. Yana fitowa fari, dogo, a rufe kamar ƙwai a kan sanda ko muciyar da aka kafa a ƙasa. Tsawon hularsa kan kai santimita 6 zuwa 20. Jikinta duk ɓawo ne fari mai tattashi kamar gashin tunkiya, samanta kuma da ɗan ruwan ƙasa. Karansa fari ne, cikinsa rami, da wani sakakken zobe da ke iya zamewa ƙasa. Shafukansa farare ne da farko, sai su koma ja-ja, sannan baƙi. Ya fi son bakin hanya da gefen daji da filin ciyawa da wurin da aka yi cikon ƙasa. A Turai da Amurka ta Arewa yana yawaita daga ƙarshen bazararsu zuwa kaka, kuma a ƙasar Sin noma shi ake yi. Ana cinsa ne kawai yana ɗanye shakaf, tun shafukan suna farare.

Na biyu shi ne mai ruwan toka, Coprinopsis atramentaria. Hularsa kamar ƙararrawa take, launin toka-toka, da zane-zane daga sama zuwa ƙasa, faɗinta santimita 3 zuwa 10. Ba ta da gashi irin na na farkon. Yana fitowa cunkus, goma ko ashirin a wuri guda, a gindin kututture ko inda itace ya ruɓe a ƙarƙashin ƙasa. Wannan shi ne mai rigima da giya, za mu zo kansa.

Waɗannan biyun sun fi yawa a ƙasashe masu sanyi. Amma ƙananan danginsu, masu siririn kara da hula ruwan toka, suna fitowa a ƙasashe masu zafi ma, a kan taki da tarin ciyawa da ruɓaɓɓen itace. Idan kika ga wanda ya fito da asuba, kafin la'asar ya yi baƙi ya zube ya ɓata ƙasa, to ɗan wannan dangi ne.

Alamar da ke zuwa a makare

A nan ne matsalar take. Babbar shaidar mai tawada ita ce tawadar. Amma lokacin da tawadar ta bayyana, ya riga ya wuce ci. Lokacin da ake cinsa kuwa, yana ƙarami a dunƙule, bai nuna tawada ba tukuna, kuma a wannan matakin ne ya fi kama da masu guba. Wato mai tsinka yana yanke hukunci ne a daidai lokacin da shaida ba ta iso ba.

Masana suna da wani gwaji. Sukan yanke hular, su kifa ta a kan farar takarda, su rufe da kofi na wasu sa'o'i, ƙurar ta zuba su ga launinta. Ta mai tawada baƙa ce. Sai dai ƙaramin da bai nuna ba ba ya zubar da ƙura, babban kuma kafin a gama jira ya narke. Kin ga ko gwajin masana bai cika taimakon mai son ci ba.

Kama da wane ba wane ba ne

Akwai wani fari mai ɓawo-ɓawo a hula da ake kira Chlorophyllum molybdites. Yana son ƙasashe masu zafi, har da nahiyarmu, kuma yakan fito a filin ciyawa bayan ruwan sama, sau da yawa a jere kamar an zana da'ira. Yana ƙarami a dunƙule yake, fari, kamar mai gashi sak. Sai ya girma ne yake buɗewa kamar laima, shafukansa su koma kore-kore, kuma ba ya narkewa. A Amurka shi ne naman kaza mai guba da mutane suka fi ci bisa kuskure. Sa'a 1 zuwa 3 bayan an ci, sai amai da gudawa mai tsanani, wani lokaci har da jini. Dafa shi ba ya ba da tabbacin tsira.

Wanda ya fi shi muni shi ne Amanita phalloides, wanda ke haddasa mafi yawan mace-macen naman kaza a duniya. Asalinsa Turai da Arewacin Afirka, kuma ya bi dashen itatuwa ya isa Amurka da Ostareliya da Afirka ta Kudu. Ƙaraminsa kamar ƙwai yake, da wata jaka a gindi wadda ke ɓoye cikin ƙasa. Rabin hula ɗaya ya isa ya kashe babban mutum. Dafuwa ko suya ko shanya ba sa karya gubarsa, kuma waɗanda suka rayu bayan sun ci sukan ce daɗi gare shi. A Amurka da Ostareliya an sha samun baƙi daga kudu maso gabashin Asiya da suka ci shi, domin ya yi musu kama da wanda suke nomawa a kan tattakar shinkafa a gida. Wannan darasi ne ga 'yan'uwanmu da ke karatu ko aure a ƙasashen waje: sanin dajin garinku ba sanin dajin wata ƙasa ba ne.

A nan gida kuma akwai tumukun suri, wanda ke fitowa a kan shuri da busassun wurare. Daga nesa kamar mai gashi yake, amma karansa tauri ne da shi kamar itace, hularsa ba ta buɗewa, kuma cikinsa busasshen gari ne mai duhu. Shi ma a bar shi inda yake, kada a ci, kada a barbaɗa garinsa a ciwo ko cibiyar jariri.

Maganar giya

Mai ruwan toka yana ɗauke da wani sinadari mai suna kofirin, wanda masu bincike a Suwidin da Amurka suka gano a shekarar 1975. Idan giya ta shiga jiki, hanta takan juya ta zuwa wani abu mai guba, sannan ta sake juya wannan abin zuwa wanda ba ya cutarwa. Kofirin yana toshe mataki na biyun, sai gubar ta taru a jini. Minti 5 zuwa 10 bayan an sha, fuska da wuya su yi ja, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, hannu da ƙafa su yi ta tsikari, ga jiri ga amai. Yakan ɗauki sa'a 2 zuwa 3 kafin ya lafa, kuma ko bayan kwana 3 da cin naman kazan, giya na iya tayar da shi.

Wata za ta ce, mu gidanmu ba a shan giya. Madalla, kuma mai ciki ko wane addini take bi bai kamata ta kusance ta ba, ko burkutu ko bammi, domin tana lalata ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Amma ki sani sinadarin giya yana ɓuya a wurare da dama. Wasu magungunan tari na ruwa da wasu na ƙarin jini suna da shi, haka ma da yawa daga magungunan gargajiya na kwalba masu ɗaci da ake tallarsu a tasha da kasuwa. Bugu da ƙari, an taɓa tunanin amfani da kofirin wajen raba mashaya da giya, amma aka fasa, domin gwaji a kan dabbobi ya nuna yana lalata 'ya'yan maraina. Maigida, wannan taka ce.

Me ya sa mai ciki ta bambanta?

Amai da gudawar da za su kwantar da ƙato kwana biyu ya tashi, ke suna iya yi miki ɓarnar da ta fi haka. Idan ruwan jikinki ya ragu, jinin da ke zuwa mahaifa yana raguwa, kuma da wannan jinin ne ɗanki ke samun abinci da iska. Ƙarancin ruwa kan kuma tayar da ciwon mara irin na naƙuda tun lokaci bai yi ba. Idan gubar mai taɓa hanta ce, to hanta ita ke haɗa abubuwan da ke sa jini ya daskare, kuma mace mai shirin haihuwa ba ta da abin tsoro kamar jinin da ya ƙi tsayawa.

Sannan ki tuna inda mai tawada ke fitowa: kan kashin dabbobi da juji da bakin titi. Ƙasa na ɗauke da ƙwayar cutar toksofilasma wadda ke fitowa daga kashin kyanwa, kuma tana iya ratsa mabiyiya ta illata ido da ƙwaƙwalwar jariri. Naman kaza kuma yana zuƙar ƙarafa masu guba irin su dalma daga ƙasar da ya tsiro. A Faransa, inda tsintar naman kaza tsohuwar al'ada ce, mutane wajen 1,000 ko fiye ne ke cin guba ta wannan hanya kowace shekara, kuma hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasar tana ba da shawarar kada a bai wa ƙananan yara na daji ko kaɗan, tsofaffi da masu ciki su ma su ƙaurace masa. Idan masu al'adar sun faɗi haka, mu da muke koyo ta waya fa?

Abin da wasu za su ce

Wata Inna za ta ce, mu tun kakanninmu muke ci, ba abin da ya same mu. Ba mu raina wannan sani ba. Akwai naman kazan da gara ke renonsa a cikin shurinta, mai doguwar saiwa da ke nutsawa har gidan garar, kuma mutanen da suka gaji cinsa sun san shi sarai. Amma Inna ta san iri biyu ko uku ne na dajin garinsu, waɗanda ta koya a hannun uwarta shekara da shekaru. Wannan sanin ba ya shiga hoto. Kuma sau da yawa ba Inna ke tsinkowa ba, yaro ne aka aika, ko an sayo a bakin hanya an riga an yayyanka. Guda ɗaya mai guba a cikin kwando ya isa ya ɓata tukunya duka. Wata tara na haƙuri ba zai rage wa al'ada komai ba.

Wani zai ce nama ya yi tsada, wannan kuwa kyauta ne. Gaskiya ne rayuwa ta yi tsada. Sai dai ɗanyen naman kaza kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, abin gina jikin da ke cikinsa bai fi giram 2 zuwa 3 a kowane giram 100 ba. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6. Wake da awara da ƙuli-ƙuli da gyaɗa da busasshen kifi duk sun fi shi nesa ba kusa ba, ga zogale da alayyafo don ƙarin jini. Kada a yi wa rogo kallon kitse.

Wata kuma za ta ce kwaɗayin ciki ne, ranta ya biya. To a sayo wanda aka noma, daga gonar da aka sani ko kantin da ke ajiye shi cikin sanyi, a wanke, a dafa shi ya nuna sosai. Ko na gona ba a cinsa ɗanye. A shekarar 2020 hukumomin lafiya na Amurka sun sanar da ɓarkewar cutar listeriya daga wani siririn naman kaza da ake nomawa. Mutum 36 suka kamu, 4 suka rasu, kuma cikin mata 6 masu ciki da abin ya shafa, 2 sun yi ɓari.

Gwaje-gwajen da ba su da tushe

Akwai maganganu da ke yawo waɗanda ya kamata a yi watsi da su. Cewa idan tsutsa ko ƙwari sun ci to lafiya lau ne, ba gaskiya ba ne, domin jikinsu ba irin namu ba ne. Cewa a ba kaza ko kare a gani, shi ma ruɗi ne, tunda guba mafi muni sai ta kwana kafin ta nuna. Cewa cokalin azurfa ko albasa za su yi baƙi a miya idan akwai guba, babu wannan. Gishiri da manja da kanwa da doguwar dafuwa ba sa kashe gubar hanta. Manhajar waya da ake nuna wa hoto ta faɗi suna ita ma tana kuskure, domin ba ta ganin gindin da ke cikin ƙasa, ba ta ganin launin ƙura. A shekarar 2023 ƙungiyar masana naman kaza ta birnin New York ta yi gargaɗi kan littattafan koyar da tsinta da ake sayarwa a intanet, waɗanda kwamfuta ce ta harhaɗa su.

Idan an riga an ci fa?

Na ɗaya, a taho asibiti nan take, kada a jira alama. Duk wanda ya ci daga tukunyar ya zo, har da wanda ke cewa shi garau yake.

Na biyu, a riƙe lokaci: ƙarfe nawa aka ci, ƙarfe nawa ciwo ya fara. Wannan yana da muhimmanci ga likita. Ciwon da ya taso bayan sa'a 6 zuwa 24 ya fi ban tsoro, domin haka gubar hanta take yi. Takan kawo amai da gudawa, sai mutum ya ji sauƙi kwana ɗaya ko biyu, a ɗauka ya warke, alhali hanta na lalacewa. Sai ido ya yi rawaya, hankali ya gushe. Saboda haka samun sauƙi ba dalilin zama a gida ba ne, kuma ba dalilin matsa wa likita ya sallame ku ba ne. Wanda ciwonsa ya taso da wuri shi ma ya zo, domin mai yiwuwa iri biyu aka haɗa a miyar.

Na uku, a zo da ragowar. Idan akwai ɗanye, a tono shi har gindi, a naɗe a takarda. Kada a sa a leda, domin a ciki yake saurin ruɓewa. Mai tawada kuwa a ɗauki hotonsa da waya tun bai narke ba, sama da ƙasa da gindi. A zo da sauran miyar ma.

Na huɗu, kada a ɗura wa mutum manja ko madara ko ruwan kanwa, kada a cusa masa yatsa don ya yi amai, kada a daka gawayin murhu a ba shi. Gawayin da ake bayarwa a asibiti na musamman ne. Abin da za a iya bayarwa a hanya shi ne ruwan gishiri da sukari, kaɗan-kaɗan, idan yana cikin hayyacinsa.

Na biyar, ke mai ciki ki zo da katin awonki, ki faɗa tun daga ƙofa cewa kina da ciki da watanninsa. Ki faɗi duk maganin da kika sha, na asibiti da na gargajiya. Ki lura da motsin ɗanki, da ciwon mara, da zubar jini ko ruwa.

Aikin gida

Amfanin gane mai tawada da 'yan'uwansa shi ne ki tsare gidanki. Yaro mai rarrafe duk abin da ya gani baki yake kaiwa. Da safe bayan an yi ruwa, maigida ko manyan yara su zaga tsakar gida da bayan ɗaki da wajen turke, su tuge duk wanda ya fito, su binne ko su jefa a masai, sannan su wanke hannu da sabulu. Taɓa shi ba ya cutarwa, ci ne matsala. Idan yana yawan dawowa wuri guda, akwai ruɓaɓɓen itace ko taki a ƙasan wurin, sai a tone. Yaran da ke zuwa itace ko kiwo a nuna musu shi, a bar su su kalli yadda yake narkewa ya zama tawada, su ga ikon Allah, amma a gaya musu ba a ci, ba a kawowa gida.

Idan kina da tambaya kan abin da ya kamata ki ci ko ki bari, ki yi wa ungozoma ko likita ranar awo. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya raba ku lafiya, Ya raya abin da za a haifa, amin.